Shafa Ɗaya ta Maccido Mai Bulan

Bismillahir Rahmanir Rahim. Godiya ta tabbata ga Allah, wanda ya ara muna rai kuma yake karɓar abinshi ran da ya so, ba tare da shawarar kowa ba. Tsira da aminci su tabbata ga Annabi Muhammadu, da alayenshi da sahabbanshi.

Mai girma wakilin Hakimi, ranka ya daɗe. Malam Liman da sauran malamanmu, Allah ya gafarta muku. Sarkin Kasuwa da shugabannin 'yan kasuwar Illela. 'Yan uwanmu na Ƙonni da kunka tsallako tun da safe, da mutanen Amarawa da Tozai da Lafani. Alhaji Ikrama, wan marigayi kuma uban gidanga yanzu. Hajiya Hindatu, matar marigayi, da iyayenmu mata da ke cikin gida, na san lasifika na kai muku maganata. Fiddausi da Faruk, 'ya'yan marigayi kuma 'ya'yanmu. Jama'a baki ɗaya, assalamu alaikum wa rahmatullah.

Ga wanda bai san ni ba, sunana Abdulmalik, ni ke shugabancin ƙungiyar masu fenti ta garinga. Yau kwana arba'in da munka kai Malam Maccido Hamidu makwancinshi. Alhaji Ikrama ya ce ni zan yi magana a madadin abokan sana'a, wai don ni ne na fi kowa daɗewa da shi. Na karɓa, amma kwana uku ke nan tuwo bai yi mini daɗi ba. Kafin in sauka za ku san dalili, ku yi mini haƙuri mu je a hankali.

Sunanshi na yanka Maccido, amma ku tare kowa bakin tasha ku ce Maccido, zai tambaye ku, "Wane Maccidon?" Ku ce Mai Bulan, zai nuna muku shagon da ke bayan kasuwar dabbobi. Yara da yawa ba su san asalin sunan ba. Wata farar hoda ce da ake zubawa cikin fenti, masu ilimi na kiranta taitaniyam. Buhunan farko da ya fara samu ta Ƙonni sunka biyo, da rubutun Faransanci a jikinsu, kuma direbobin can da bakinsu na Faransanci bulan suke ce ma fari. Mu kuwa ba mu iya dogon suna ba, sai munka riƙe bulan, munka liƙa mishi har ya koma ga Allah.

Shekara goma sha ɗaya ya yi a wani kamfanin fenti a Kano kafin ya dawo gida. Lokacin mu nan abin da munka sani shi ne mu jiƙa farar ƙasa, mu zuba ɗan gam, mu shafa ma mutum ɗaki, mu karɓi haƙƙinmu mu yi gaba kafin damina ta tona mu. Sai ga wani siririn mutum da ganguna huɗu da injin motsawa, yana cewa shi fenti zai haɗa a Illela. Mun yi mishi dariya, ni ne ma kan gaba.

Bai yi gardama da mu ba. Gawayi ya ɗauka, ya ja baƙin layi biyu a bango. Ya ce in shafa nawa bisa ɗaya. Na shafa, na sake shafawa, har sau uku, layin na leƙo mu ta ƙasa. Shi kuwa ya tsoma buroshi cikin nashi, ya wuce sau ɗaya, layin ya ɓace. Da sunka bushe ya watsa ma duka biyun ruwa. Nawa ya koma launin toka, gawayin ya fito sarai, nashi ko gezau. Ya dube ni ya ce, "Ka gani, Abdulmalik? Alli in ya jiƙe tona asiri yakai. Bulan rufewa takai." Daga ranar duk gangar da ya haɗa sai ta ci jarrabawar gawayi kafin ta bar shagon, kuma ba a taɓa jin ya yafe ma ko ɗaya ba.

Ya kasance mutum mai son a san abin da ake taɓawa. In kun zauna da shi kun shiga uku, don ba zai bar ku ku sha shayinku lafiya ba. Zai ɗauki farar butar alwala ya ce, "Kun san mi ya sa ta fari? Bulan." Kujerar roba da kuke zaune bisanta yanzu, bulan. Bututun ruwa, bulan. Farar takardar da ɗalibai ke rubutu, man goge baki, rigar da ake yi ma ƙwayar magani, man da Turawa ke shafawa don kada rana ta ƙone su, farin layin da ake ja tsakiyar kwalta, har sandar walda ta maƙera, duk ya ce akwai ta ciki. Wata rana na gaji na ce, "To Malam, nonon Fulani fa, shi ma bulan ɗin?" Ya ce, "A'a, wannan Allah ya haɗa abinai, bai nemi shawarar kamfani ba."

Ya kasance mai tsoron amana. Ba wai bai sa alli cikin fentinshi ba, kowane fenti na da rabonshi na alli, kuma bai ɓoye ma kowa hakan ba. Amma yana da awo, kuma awon bai canza don buhu ya yi tsada. Shekarun da bulan ta yi wuya, wasunmu sun daina sa ta kwata-kwata, sunan dai na nan jikin bokiti. Shi sai ya rage yawan gangunan da yake haɗawa. Mai gini ya zo neman bokiti goma, ya ce mishi shida gare shi, in yana sauri ya nemi sauran wani wuri.

Gwaggo Tasalla mai alewa tana cikin gida, ta ba ni izinin in faɗi wannan. Ta taɓa zuwa da ɗan kwano ta ce ya zuba mata bulan, don ta ji ana cewa masu alewar kamfani da ita suke sa tasu ta yi fari fat. Ya ce mata, "Gwaggo, waccan daban aka tace ta, kuma ko ita wasu ƙasashe sun hana a sa ta ga abinci. Wagga tawa ta bango ce. Jikokinki ba bango ba ne." Ta yi fushi, wata biyu ba ta amsa gaisuwarshi ba. Shi kuma duk Juma'a sai ya aika a sayo mishi alewarta mai ɗan duhu-duhu, ya raba ƙofar masallaci, har ta gaji ta sauko.

Ya kasance mai yi ma gari hidima ba tare da shela ba. Ajujuwan firamaren Lafani shi ya yi musu fenti, ɗakin haihuwa na Amarawa shi ne, kuma bai bari an rubuta sunanshi ko'ina ba. Mutum nawa ya koya ma sana'ar nan? Ku ɗaga hannu. Kun gani, sun fi ashirin, har da na Ƙonni. Duk wanda ya yi aiki ƙarƙashinshi ya san doka ɗaya: ba a buɗe buhu sai da takunkumi a hanci. Wanda ya ƙi, ranar gida zai koma. Shi kanshi kuwa ya riga ya yi shekaru yana juye buhuna da hanci buɗe tun Kano, zamanin da babu mai damuwa da irin haka.

To jama'a, na yaba, kuma duk abin da na faɗi gaskiya ne. Amma da yabo kaɗai ya kawo ni, da na zauna gida, don kowa nan zai iya yinshi. Akwai wata magana da ta daɗe tana yawo garinga ƙasa-ƙasa. Ranar zaman makoki na uku, can ƙarƙashin rumfar nan, na ji mutum biyu na raɗa. Ɗaya ya ce, "Allah dai ya yafe mishi, amma ai kowa ya san irin hodar da ta gina gidanga." Gawa ba ta yi kwana uku cikin ƙasa ba. Ba zan kama suna ba, don na fi su laifi.

Kuna tune da shekarar da anka rufe boda, lokacin da shingen jami'ai ya yi yawa bisa hanyar Sakkwato. Hanyar Ƙonni ta toshe, sai Maccido ya koma sayo bulan daga Kano. A wani shinge buhu ɗaya ya yage, farar hoda ta zube cikin mota. Ku sa kanku matsayin jami'in: garin boda, farar hoda, buhu babu rubutun da ya iya karantawa. Anka riƙe Maccido kwana biyu, anka tafi da buhunan gwaji. Bayan kwana tara anka dawo mishi da kayanshi cif, da takarda mai hatimi cewa hodar fenti ce. Su sun yi aikinsu, sun gama, sun wanke shi.

Amma cikin kwana biyun nan da yake tsare, da safe, teburin mai shayi na bakin tasha, anka kawo labarin. Mutum ya kai goma sha biyar a wurin. Wani daga cikinsu, don a yi dariya, kuma don ya daɗe yana jin zafin layin gawayin nan da anka kunyata shi da shi, ya ajiye kofinshi ya ce, "Ashe bulan ɗin Malam ta shaƙa ce, ba ta shafa ba."

Ni ne na faɗe ta. Ni Abdulmalik, da wanga bakin da ke yabonshi yanzu.

An yi dariya ƙwarai, har da buga tebur, kuma na ji daɗin dariyar. Na san ƙarya ce lokacin da nake faɗi. Ni da hannuna na sha ɗaukar buhunan nan, na san nauyinsu, na san yadda hodar ke liƙe ma yatsa ta ƙi fita ko da sabulu. Hausawa sun ce magana zarar bunu ce, ni kuwa na zaro nawa daga rufin ɗakin abokina. Kafin azahar ta kai kasuwar dabbobi. Ranar Laraba direbobi sun tsallaka da ita Ƙonni. Takardar da ta wanke shi tana aljihunshi ba ta zuwa ko'ina, maganata kuwa ko boda da ke rufe ba ta tare ta ba.

Mun san abin da ya biyo baya, kada mu yi kamar ba mu sani ba. Mun rage zama shagonshi. Wasu sun janye 'ya'yansu daga koyon aiki. An sauke shi daga kwamitin masallacin unguwa da cewa wai a huta da shi. Fiddausi, kina ajin ƙarshe na sakandare lokacin, kuma na ji abin da 'yan ajinku ke kiranki: ɗiyar mai hoda. Hajiya Hindatu ta yi shekara guda ba ta shiga gidan suna ko biki ba. Mu duka munka yi wannan, amma ni na kunna.

Wata safiyar Lahadi, ranar kasuwa, anka wayi gari an rubuta maganata da gawayi jikin bangon shagonshi, da manyan baƙaƙe: TA SHAƘA CE BA TA SHAFA BA. Ban san wanda ya rubuta ba, amma na gane kayana. Jama'a sunka taru suna jiran su ga ko zai yi kuka ko zai yi zagi. Ya fito, ya karanta, ya koma ciki, ya fito da bokiti da buroshi. Ya bi rubutun daga farko har ƙarshe, sau ɗaya. Ya juyo ya ce, "Kun gani? Shafa ɗaya. Mai son irinta ga shago buɗe." Wasu sunka yi dariya. Ina tsaye bayan taron, ina kallonshi yana wanke buroshin.

Abin bai tsaya nan ba. Aikin fentin masallacin unguwa, wanda shi anka yi ma alkawari, ni anka ba. Na karɓa ban ji kunya ba, na haɗa nawa irin na alli zalla. Kun tuna abin da ya faru. Duk wanda ya jingina da bango ya tashi da farin baya. Malam Liman, Allah ya gafarta maka, baƙar alkyabbarka ta sha. Ruwan farko na damina ya wanke gabas ɗin masallacin tas, tsohon datti ya fito. Anka fara cewa a kira Abdulmalik ya yi bayani gaban jama'a.

Ranar Talata da hantsi sai ga amalanke ƙofar gidana da ganga biyu, Maccido na biye. Ya ce, "Tashi ka gyara aikinka kafin Juma'a." Na ce mishi ban da abin biya. Ya ce, "Wa ya yi maka maganar biya? Ɗakin Allah na." Na gyara, jama'a sunka yaba mini, anka ce Abdulmalik ya san aiki. Bangon nan da kuke sallah gabanshi yau, fentin Maccido ne, ni buroshi kawai na riƙe. Bai taɓa faɗa ma kowa ba, ni ma na yi shiru na ci yabon. Bayan nan ma kunka zaɓe ni shugaban ƙungiya.

Duk tsawon shekarun nan ina lallashin kaina cewa bai san ni ne ba. Da tarin ya ci ƙarfinshi anka kwantar da shi asibiti a Sakkwato, na je duba shi. Ni ban san ilimin likita ba, abin da sunka ce dai shi ne ƙurar da ya daɗe yana sha wurin aiki, ta alli da ta bulan da sauransu, ta gajiyar da huhunshi. Na same shi da robar iska a hanci. Faruk ya fita sayo ruwa, ya rage mu biyu. Ya yi murmushi ya nuna robar, ya ce da ƙyar, "Abdulmalik, ashe maganarka ta tabbata. Na shaƙa."

Jama'a, ashe ya sani. Na durƙusa bakin gadon na ce, "Tun yaushe ka sani?" Ya ce, "Tun ran da anka sako ni. Mai shayi ya gaya min." Na ce, "Mi ya hana ka tona ni?" Ya daɗe yana neman numfashi, sannan ya ce, "Kana da ɗiya kai ma. Gida guda ya ƙone ya isa." Na nemi gafara, ya ce ya yafe tun tuni. Amma ya ƙara da wata magana wadda ita ta hana ni cin tuwo. Ya ce, "Ka dai sani, bulan ba ta goge baƙi. Rufe shi takai. Yana nan ƙasa." Kwana biyar bayan nan ya cika.

Ya shaƙa, gaskiya ne. Shekara ashirin da shida yana shaƙar ƙura don mu samu abin shafawa ɗakunanmu da makarantunmu da masallatanmu. Wannan ce kaɗai shaƙar da Maccido Hamidu ya taɓa yi, kuma ita ta kashe shi. Wanda duk ya ƙara faɗin wata bayan yau, ya sani ƙaryata yake ɗauka, kuma mai ƙaryar ya tsaya gaban Hakimi da Liman ya ce ƙarya ce. Takardar gwajin ga ta nan hannuna, Fiddausi ta same ta ninke cikin aljihun rigarshi ta aiki, duk ta yi laushi. Na miƙa ta ga Malam Liman, mai so ya karanta. Mutanen Ƙonni, don Allah, yadda waccan ta tsallaka da ku, wagga ma ku tsallaka da ita.

Alhaji Ikrama, ka zaɓe ni don kana zaton ni aminin ƙanenka ne. Yanzu ka san wanda ka zaɓa, ka yi mini hukuncin da ka ga dama. 'Yan ƙungiya, shugabancin da kunka ba ni don aikin masallaci ne, aikin kuwa ba nawa ba ne, don haka na ajiye muku kayanku daga yau.

Faruk, ubanka bai bar maka abin kunya ba, ka ɗaga kanka cikin kasuwar nan. Fiddausi, ɗiyata, in har kin yarda in kira ki haka: na ji kin gama karatun haɗa sinadarai a jami'a, kuma kin ce ba za ki bari a rufe shagon ba. Na kuma ji tun rasuwar babu wanda ya taka ƙofarshi, don wasu na cewa mai abin ya tafi, gara kada a shafa musu zargin. Ki buɗe ranar Lahadi. Ki ja layin gawayi kamar yadda ya koya miki, ki sa takunkuminki, mu kuma da munka guje shi lokacin da yake buƙatarmu mu zo mu tsaya ƙofar, kowa ya gan mu.

Hajiya Hindatu. Ban ganinki, amma na san kina ji. Shekara shida kina aiko mini da abincin sallah da hannunki, ina ci. Ban sani ba ko ya gaya miki, ko ke ma ya rufe miki kamar yadda ya rufe ma kowa. Shi ya yafe nashi, amma shekarar da kika yi kulle cikin gida da hawayen ɗiyarki ba nashi ba ne da zai yafe. Naku ne. Ba na cewa ki yafe mini yau, ba ni da bakin da zan sa miki rana. Ya rufe ni da shafa ɗaya har ya mutu, ni kuma na kankare da hannuna don ki ga abin da ke ƙasa.

Ina godiya ga wakilin Hakimi da malamai da duk wanda ya bar harkarshi ya zo. Allah ya mai da kowa gidanshi lafiya.

Ya Allah, bawanka Maccido ya zo maka cikin farin likkafani, kai ka san abin da ke ƙasa da wanda ke bisa. Ka gafarta mishi, ka yalwata kabarinshi, ka haskaka shi, ka musanya mishi numfashin da ya ƙare da iskar Aljanna. Yadda ya rufa ma wanda ya cuce shi asiri a duniya, ka rufa mishi nashi ranar da asirai ke tonuwa. Ka ba Hajiya da 'ya'yanta haƙuri, ka sa albarka ga abin da ya bari. Mu kuma da munka rage, ka tsare mu daga sharrin harsunanmu, ka fara da nawa.

Malam Liman, bisimillah, a yi muna Fatiha.